Dariyar Malachy

Duk ranar Alhamis da ƙarfe uku na rana, Nuala Gilhooly takan zuba shayi ta zauna gaban talabijin. A lokacin ake maimaita tsohon wasan barkwancin da ƙanwarta Dervla ta rubuta, ta kuma fito a ciki a matsayin mai gidan saukar baƙi wadda ta tsani baƙi. Dervla ta yi wasanni da yawa bayansa, har kyaututtuka aka ba ta, amma wannan kaɗai Nuala ke kallo. A cikinsa ma kashi na huɗu take jira, wanda ke zagayowa duk bayan mako shida.

Ranar da aka ɗauki kashi na huɗun, shekara ashirin da shida da suka wuce, ita da mijinta Malachy suna cikin 'yan kallo. Tun da safe suka hau bas daga Leitrim zuwa Dublin, shi sanye da kwat ɗin zuwa jana'iza, yana ta mitar an raba shi da shanunsa. Ana tsakiyar wasa wani baƙo ya kama tari, Dervla ta dube shi ta ce, "In mutuwa za ka yi, fita waje, yanzu na goge ɗakin."

Maganar Nuala ce wannan. Haka take ce wa Malachy duk lokacin da mura ta kama shi. Shi ya sa ya riga kowa fashewa da dariya, irin tasa mai jan numfashi kamar tsohuwar ƙofa, kowa ya gama shi bai gama ba. Nuala ta mintsine shi don kunya, amma na'ura ta riga ta ɗauka.

Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. A bakin shingen shanu ya faɗi, bokiti a hannu. A waje, kamar yadda aka sha gaya masa. Bai bar muryarsa a ko'ina ba, don mutum ne da ko saƙo ba ya bari a waya. Sai wannan dariyar.

Wata Lahadi Dervla ta bugo waya.

"Tsohuwa, an wanke wasan nan namu, hoto ya fito tas, har ƙurajen fuskata za ki gani. Na kuma sa an cire dariyar 'yan kallo."

"An cire me?"

"Dariyar. An daina yayinta. Mutanen yanzu ba sa son a nuna musu inda za su yi dariya."

Nuala ta ce dankalinta na kan wuta, ta ajiye wayar. Ta ce wa ranta wataƙila ba duka za su iya cirewa ba.

Da kashi na huɗu ya zagayo, baƙon ya yi tarinsa, Dervla ta faɗi maganarta, sai shiru. Dervla na tsaye a cikin akwatin talabijin tana jiran dariyar da babu ita. Nuala ta ji agogon bango, ta ji ruwan sama a kan taga. Ta tashi ta ɗauki waya.

"Kin cire Malachy."

"Me kike nufi?"

"Kashi na huɗu, wurin tari. Shi ne mai fara dariya. Nan kaɗai nake jin sa, Dervla."

 Dervla dai ba miji ba ɗa, ita kaɗai take zaune a wani bene a Dublin, kuma an daɗe ba a kira ta aiki ba.

"Shekara biyu kina ce min duk Alhamis kina kallona," ta ce. "Ashe ba ni ba ce."

"Ina ganinki mana. Ai kin cika akwatin."

"Ke kaɗai kika rage mai ce min ta kalla. Har faɗa wa mutane nake yi."

"To ai maganata kika sace, ban taɓa ce miki komai ba."

"Rabin wasan ma naki ne, wa bai sani ba." Ta ja hanci. "Bari in gani."

Bayan kwana goma mai kawo wasiƙa ya miƙa mata ƙaramin ƙunshi. Faifai ne, da 'yar takarda da rubutun Dervla: wasan ba zai koma yadda yake ba, amma mai haɗa sauti bai zubar da dariyar ba, daban take a ajiye. Ga ta nan, ta kashi na huɗu, ita kaɗai, babu maganar 'yan wasa.

Nuala ta sa faifan a rediyon da ke kan tagar kicin. Da farko babu komai, sai motsin kujeru. Can mutum ɗari biyu suka kwashe da dariya a cikin kicin ɗinta, ba a ce musu komai ba, suka tsaya, suka sake. Abin ya so ya ba ta tsoro. Amma ta haddace wasan, ta san me ya jawo kowace dariya. Wannan ta ƙwan da ya ƙone ce. Wannan ta limamin coci da ya ɓata hanya. Tana tsaye da tsumma a hannu tana bi, har aka zo wurin tarin.

Wurin babu muryar kowa a faifan. Ta gyara murya, ta dubi kujerar Malachy da ke kusa da murhu.

"In mutuwa za ka yi," ta ce, "fita waje, yanzu na goge ɗakin."

Malachy ya fashe da dariya. Ya ja numfashi, ya sake, kowa ya gama shi bai gama ba. Wannan karon ba ta hana shi ba.

Alhamis ta gaba kashi na shida ne, babu shi a ciki. Duk da haka ta zuba shayi ta zauna, ta kalla har ƙarshe. Sannan ta buga wa Dervla ta ce mata gashin da aka ɗora mata a wannan kashin kamar mushen kyanwa.