Wa Ya Sare Gwazan Ruƙayyat?

Ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, bai gama tsayar da babur ba Ruƙayyat ta dire. Tun daga bakin layi ta hango abin da bai kamata ta hango ba: rufin kwanon gidan maƙwabciyarta Oumou, fayau, ta saman katangar bayan gidansu. Shekara da shekaru ganyen gwaza ne ke tare wannan rufin.

Ta zagaya ta lungu, ta buɗe kwadon ƙaramar ƙofar kwano, ta tura.

An sare su kaf. Ba ganye ko ɗaya a tsaye, sai kututturai gajeru suna ta zubar da ruwa, ƙudaje na binsu. Ganyen ma ba a bar mata ba, an kwashe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Da asuba ta bar su lafiya lau, ta ɗauki tukwanen gwaza biyu ta kai wa wata madam a unguwar Cacavéli. Ba gwazan ci ba ne, na ado ne, mai ganyen da mutum biyu za su fake a ƙarƙashinsa ruwan sama bai taɓa su ba. Matan manyan gidaje suna kiransa da wani sunan Faransanci da ke nufin kunnen giwa, ita kuwa gwaza ta sani. Tun rasuwar mijinta, da ta dawo gidan mahaifinsu a nan Zongo, shi ne cinta, shi ne shanta. Ta zuba masa kashin kaji, ta cire ganyen da ya yi rawaya, ta raba 'ya'yan da suka tsiro a gindin uwa ta dasa a tsofaffin bokitan fenti. Ban ruwa kaɗai ne ba ta taɓa yi ba. Filin kwari ne, ƙasar da kanta take shayar da shi.

Ta tsuguna ta duba wani kututture. Sara ɗaya, a karkace. Ba akuya ba ce, akuya ma ba ta kusantar gwaza. Adda ce, kuma mai kaifi.

Sai ta tuna abu guda. Ruwan gwazan nan ba ya yafe wa kowa. Ita kanta sai ta ɗaura leda a hannu take yankar ganye. Duk wanda ya yi wannan ɓarna da hannu tsirara, yanzu haka yana can yana susa kamar mai ƙazwa.

Ba ta ko cire mayafi ba ta nufi gidan Oumou.

Oumou 'yar Nijar ce, mai fura da nono, kuma ba ta taɓa ɓoye ƙiyayyarta da ganyen nan ba. Sauro daga can yake, in ji ta, kwaɗi daga can, wata rana ma maciji zai fito. Ruƙayyat ta same ta a tsakar gida tana wanke ƙorai.

"Barka da hantsi, Oumou."

"Barka kadai. Kin dawo?"

"Na dawo."

Ta tsaya a kanta, idonta kan hannayen da ke cikin kumfa. Oumou ta ɗauraye ƙwarya ta kife, ta ɗauraye wata. Daga nan ta ɗago.

"Ruƙayya, lafiya kike bin hannuna da kallo? Lalle za ki sa mini?"

"An sare mini gwaza."

"Na gani. Yau na fara sanin akwai rana ta wannan gefen." Ta miƙo hannayen duka biyu, ta juya su gaba da baya. Fata sumul, ba ko ɗigon ja. "Duba da kyau, tunda abin da ya kawo ki ke nan. Ni in zan sare, a gabanki zan sare, in kuma gaya miki dalili."

Kunya ta ɗan kama Ruƙayyat, amma ba ta ƙyale Oumou ba. "To wa kika gani?"

"Ina kasuwa. Amma ke, da kika zo, kwadonki a fashe kika same shi?"

Ba a fashe yake ba. Da makullinta ta buɗe.

"Kuma jiya da kina kasuwar Hédzranawoé," in ji Oumou, tana mai da hannu cikin kumfa, "na ji maza a bayan katanga suna jan igiyar awo. Na ɗauka da saninki. Sannan akwai tifar jan yashi can bakin titi, direban na tambayar gidan mahaifinku, marigayi Malam Alasan. Gini za ku yi ba ku gaya wa maƙwabta ba?"

Makullin ƙofar nan biyu ne a duniya. Ɗaya na ƙugunta, ɗayan na hannun ƙaninta.

Ba ta kira shi ba. Ta koma gida ta zauna a bakin ɗaki tana jira, don ta san yashi ba ya sauke kansa. Kafin azahar kuwa sai ga ƙaninta Sharifuddeen, ma'aikacin wani ofishin fiton kaya a tashar jirgin ruwa, wanda ke haya a unguwar Djidjolé kuma ba ya leƙo Zongo sai Juma'a. Yau Talata. Ana zafin da kwalta ke narkewa, shi kuwa yana sanye da riga mai dogon hannu, maɓalli har wuyan hannu.

"Yaya, ina wuni? Ashe kina gida."

"Ina zan je? Zo ka zauna, Sharif. Ga ruwa."

Ya miƙo hannu zai karɓi kofi, ta riƙe wuyan hannun, ta ja rigar sama. Fatar ta yi jawur, ta tashi rudu-rudu har gwiwar hannu, ga sawun farce, ga maiƙon manja da ya shafa.

"Manja ba zai yi maka komai ba sai gobe," ta ce a hankali. "Wa ya gaya maka ana rungumar gwaza?"

Ya fizge hannunsa. "Bon, to. Tunda kin gani, shi ke nan. Dama yau zan gaya miki."

"Bayan ka sare."

"Da na gaya miki kafin nan, za ki bari?" Ya soma susa, ya daina, ya sake somawa. "C'est ma part, Yaya. Kasona ne. Ranar rabon gado malamai suka ce ɗakuna naki, fili nawa. Na taɓa ce miki ki tashi? Na bar ki kina shuka, ban ce uffan ba. Yanzu matata Nadia ta kusa haihuwa, mai gida ya ce mu bar masa ɗakinsa. Na samu wanda zai saya. Bayan la'asar zai zo."

"Ka sayar da filinka. Me gwaza ya yi maka?"

Ya kau da kai. "Kowa ya ga gwaza ya kai tsawon mutum a tsakiyar rani, ya san me ke ƙasa. Wa zai sayi fadama ya gina gida?"

"Au! Shi ne yashin."

"Ba ƙarya na ce ki yi ba. Shiru kawai. Ki zauna a ɗaki har ya tafi."

"Damina ta bara, da ruwa ya kai mana gwiwa, wa ya zo ya taya ni ɗora katifa kan tebur?"

"Yaya, don Allah."

Ta tashi ta shige ɗaki. Ta taga ta riƙa kallon leburori suna shigo da yashi a baro, suna baza shi kan kututturan, suna daddaɓewa da bayan shebur. Kafin kiran la'asar, wurin da ta yi shekaru tana shiga da takalmin roba ya koma kamar filin ƙwallo. Ta sani saiwar na nan da rai a ƙasa, in aka bar ta wata guda za ta huda yashin ta fito. Amma in aka zuba siminti fa?

Mai sayen ya zo a kan lokaci. Alhaji Seydou, dogon dattijo daga Burkina, mai manyan motoci da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgi zuwa arewa. Ruƙayyat ta fito da buta kamar mai shirin alwala, ta tsaya a inda za ta ji komai.

Alhaji ya taka filin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya buga ƙafa. Ya ɗebi yashi ya murza, ya watsar. Fuskarsa ba ta ce komai ba, kuma wannan ne ya fi tayar mata da hankali. Ta san 'yan kasuwa: wanda kaya suka yi masa shi ne ke ɗaure fuska.

"Nan ne wurin da dillali ya faɗa mini?"

"Nan ne, Alhaji," in ji Sharifuddeen, hannayensa a baya yana gogar juna da su. "Tudu ne. Ka ga dai yadda yake. Ko a tsakiyar damina, ɗigo ba ya kwana."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo. Ka tambayi kowa."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali, ya dubi agogo, ya sa hannu a aljihun babbar riga.

Ruƙayyat ta ga hannun ya shiga aljihu, ta ce a ranta an gama. Ta ajiye buta, ta ɗauki fartanyar da ke jingine da katanga.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Tunda an ce a tambayi kowa, ni ce yayarsa."

"Yaya!"

Ba ta dube shi ba. Ta je tsakiyar filin ta kafta. Jan yashi ya kau, baƙar ƙasa ta bayyana. Ta sake kaftawa, ta ɓanɓaro wata saiwar gwaza mai girman kan jariri, ta jefa gaban takalmin Alhaji. Ta ci gaba da haƙa, gumi na zuba, har ramin ya kai zurfin kamu guda. Sai ta ja baya.

Su uku suka tsaya suna kallo. Gindin ramin ya yi duhu, ya yi sheƙi, ruwa ya soma tsattsafowa ta gefe-gefe yana taruwa.

"Rani ke nan," ta ce tana haki. "Da damina kwaɗi ne limamai a nan."

Sharifuddeen ya dafa katanga. Ta ga yadda kafaɗunsa suka zube, ta kau da kai.

Alhaji Seydou ya tattare riga ya durƙusa. Ya tsoma yatsa, ya kai bakinsa, ya ɗanɗana. Ya sake tsomawa.

"Ba gishiri," ya ce. Sai fuskar nan da ta ƙi magana ta washe gaba ɗaya. "Alhamdu lillahi! Ba gishiri!"

Ya miƙe yana dariya, ya zaro abin da ya sa hannu ya ɗauko tun ɗazu. Makullin mota ne.

"Hajiya, Allah ya yi miki albarka. Wallahi tafiya zan yi. Dillali ya ce mini akwai wani fili a Zongo, gwaza kamar lema, ba mai ba shi ruwa. Na zo na ga yashi, yaron nan kuma yana rantsuwa tudu ne. Na ce a raina an kawo ni wurin da ba shi ba." Ya juya ga Sharifuddeen. "Wa ya ce maka gida zan gina? Gidan wanka nake so, na direbobi. Mutum ya kwana uku a layin tashar jirgi, ba abin da yake nema kamar bokitin ruwa. Wata nawa ina neman inda rijiya ba za ta wahalar da ni ba! Kawo hannu."

Sharifuddeen ya miƙa hannun da ya kumbura kamar mai mafarki. Ta saman katanga aka ji wata ta tuntsire da dariya, ƙwarya ta faɗi ta gangara.

Ruƙayyat na tsaye da fartanya. Ramin ya cika rabi. Ba wanda ya tilasta ta, da hannunta ta haƙa.

Mazan suka koma gefe suna maganar shaidu da ranar zuwa wurin mai unguwa. Ƙaninta ya waiwayo sau ɗaya, bakinsa ya motsa, ya rasa ko godiya zai yi ko ban haƙuri. Ita kuwa ba shi take kallo ba. Gangaren filin take bi da ido, daga inda Alhaji ke nuna za a jera ɗakunan wanka, zuwa gindin katangar ɗakinta, inda ƙasa ta fi kwantawa.

"Alhaji."

"Na'am, Hajiya."

"Ruwan da direbobinka za su yi wanka da shi, ta ina zai fita?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi lungu. "Sai an ja kwata har titi, in hukuma ta yarda. Shi ne ma abin da ke damuna."

"Maƙwabta ba za su yarda ba. Waccan da ka ji tana dariya, ita za ta fara kai ƙararka." Ta nuna gindin katanga da ƙotar fartanya. "Ka bar mini nan, faɗin tabarma, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kada siminti ya taɓa shi. Ka sako ruwan ta nan. Gwaza zai shanye."

Alhaji ya ƙanƙance ido yana dubanta, irin duban da ita ta yi masa ɗazu.

"Haka kawai?"

"Haka kawai. Amma a gaban shaidun nan naku za ka faɗa, da bakinka."

"Hajiya ba ta yarda da mutane ba," ya ce da Sharifuddeen yana murmushi.

"Da safe na yarda da su," in ji Ruƙayyat.

Ta shiga ɗaki ta ɗauro leda a hannu biyu, ta jawo babban baho. Kafin su gama sallama a bakin ƙofa, ta riga ta tono saiwa ta huɗu.