Tukunya Mai Jan Hannu

Shameer Juman bai gaji gona ba, bai gaji shanu ba. Tukwane ya gada, manya na baƙin ƙarfe, waɗanda sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin su ɗaga ɗaya. 'Yan'uwansa sun kwashi takardun makaranta sun tafi Toronto, shi aka bar shi a ƙauyensu na gaɓar kogin Corentyne da tukwane da ciwon baya, yana ba da su haya ga masu biki da masu makoki. Yakan ce ba auren da aka ɗaura a gundumar nan da bai ci ƙanzonsa ba, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa gayyatarsa ba.

Marigayi mahaifinsa, tsoho Juman, bai iya karatun boko ba, amma ya tsara sana'ar da gwangwanin fenti uku. Tukunyar da aka shafa wa rawaya a hannu ta Hindu ce, ba ta taɓa ganin nama ba, sai kabewa da dankali da mangwaro na ranar ibada. Mai koren hannu ta Musulmi ce. Sai guda ɗaya mai jan hannu, wadda ta fi kowacce faɗi, da giɓi a baki tun shekarar da ta faɗo daga keken jaki. Ita ake ce wa Gwamna. Ita ce ta Kirista, baƙaƙen fatar ƙauyen, masu dafa-dukar shinkafa da wake da madarar kwakwa, a jefa jelar alade mai gishiri a ciki. Gwamna ba ta taɓa shiga gidan Juman ba. A ƙarƙashin gidan Anti Ismay Fraser take kwana, gidan da ke bisa dogayen ginshiƙai kamar sauran na ƙauyen, tsallaken kwata, mijinta ke wanke ta, mai so ya je can ya ɗauka.

A ƙarƙashin wannan gida Shameer ya yi rabin ƙuruciyarsa. Mahaifiyarsa tana yini a gonar shinkafa, Anti Ismay ce ke tsefe masa kai, ita ke zane shi in ya yi wanka a kwata. Ita ta fara saya masa takalmi. In an yi ruwa, a cikin Gwamna yake ɓuya, ya kwanta ya naɗe kamar mage, har mahaifinsa ya gano, ya sa shi wanka sau uku da sabulun wanki.

Da tsohon ya rasu, mijin Anti Ismay ma ya bi shi, sai Gwamna ta yi shekaru ba mai nema, domin matasan Kiristan sun watse birni. Shekarar da Shameer ya dawo daga Makka da sabon gemu da sabon suna, Haji, auren Musulmi uku suka haɗu a mako guda, masu koren hannu suka gaza da ɗaya. Lokacin Anti Ismay tana jinya wajen 'yarta a New Amsterdam. Ya tsallaka ya mirgino Gwamna ta bayan gida, ya hura mata wutar ɓawon kwakwa har ta yi jajir, ya wanke, ya sake wankewa, ya shafa mata kore. Ya ce wa kansa aro ne na mako ɗaya. Makon nan ya yi shekara goma sha biyu. Naman layya nawa aka dafa a cikinta a harabar masallaci, Allah kaɗai ya sani, sai Shameer, wanda kullum a irin wannan rana yakan ce cikinsa ba daɗi, ya ci burodi.

Ana saura mako uku Kirsimeti, Shondell, jikar Anti Ismay, ta shigo da ɗan takalminta mai tsini. A ofishin wani lauya take aiki a birni. Ta gaishe shi da Kawu Shameer kamar yadda ta saba, ta ce kakarta za ta cika shekara casa'in, dangi za su zo har daga Ingila, tana son babbar tukunya. Ya tambaye ta me za a dafa. Ta yi dariya ta ce me kuwa, abin da Kaka take so, ai ya sani. Sai ya gyara hula, ya yi mata bayani mai tsawo a kan tsarki da amana, da yadda Hindu da Musulmi suka yarda da fentinsa, da yadda tukunya ɗaya in ta ɓaci ta ɓata sauran. Bayanin ya yi masa daɗi a baki, har ya ji da ma liman yana nan. Shondell ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Kawu, na ji. Amma ni a shaguna da yawa an yi mini bayani mai kyau irin wannan, kuma kullum hannu wofi nake fitowa."

Bayan kwana tara takarda ta zo daga hukumar da ke sauraron koke-koken wariya. Matarsa Zorina ce ta karanta masa, tana yi tana leƙensa ta saman tabarau. Ya ce shi wariya? Shi da ya sha nono a wancan gida? Ta ce nono dai bai sha ba, shayi ne, kuma rabonsa da tsallaka gadar kwatar nan tun kafin gemun ya yi furfura. Ya ce aiki ne ya yi yawa. Ta ce haka ne, Haji, taku ashirin ba wasa ba ne.

Gaskiyar ita ce tun da ya ɗauke Gwamna ba ya iya haɗa ido da tsohuwar. Daga nesa yake ɗaga mata hannu, da fara'a irin ta mai jiran mota.

Jami'in hukumar ya zo da hantsi ranar Talata, wani siririn mutum mai gumi, aka sa masa kujera a ƙarƙashin gida tsakanin tukwane. Maƙwabta suka tsaya bakin shinge, kowa da uzurinsa. Liman ma ya biyo, wai ya zo duba tukunyar walima. Jami'in ya ce shi ba alƙali ba ne, sulhu yake nema, amma doka ta ce wanda ya buɗe ƙofa ga jama'a ba zai rufe ta ga wani ba saboda launinsa ko addininsa. Shameer ya ce shi bai hana mutum ba, abinci ya hana, kuma ba dokar da za ta sa shi ya ciyar da Musulmi a tukunyar alade. Jami'in ya gyaɗa kai ya rubuta. Sannan ya tambaya ko kowa yake tambaya abin da zai dafa.

Shameer ya buɗe baki. Ya tuna Ramdeen, ɗan Hindu mai shagon giya, wanda kowa ya san alade yake soyawa ranar Asabar, kuma bai taɓa tambayarsa ba. Ya ce, to, akwai waɗanda in ka gan su ka sani.

"In ka ga me?" in ji Shondell.

Agwagin Zorina suka yi ta surutu a madadinsa.

Ana cikin haka sai ga Anti Ismay tana tsallako gada da sanda, da hular coci a kanta, duk da ba Lahadi ba ce. Aka ba ta kujera ta ƙi. Ta ce wa jami'in ya yi haƙuri, yaran zamani ne da son takarda, ita ba ta aiki kowa neman tukunyar Musulmi ba, ba ta kuma son ta Hindu. Tata take so, wadda Juman ya ajiye mata. Ta bi layin masu koren hannu a hankali tana ƙwanƙwasa kowacce da sanda, kamar mai zaɓen kankana. A ta biyar ta tsaya. An juya giɓin ya fuskanci bango, Shameer ne da kansa yake juya shi kullum. Ta ƙwanƙwasa ta sau biyu.

"Ɗan Juman," ta ce, "idona ya mutu, amma kunnena yana nan. Wannan wace ce?"

Shameer ya dubi liman, wanda ya ci daga wannan tukunya Sallah goma sha biyu har yana neman ƙari. Ya dubi shingen da ya cika da kunnuwa. Da ya ce ba ita ba ce, da an wuce wurin, domin wa zai gaskata tsohuwa mai shekara casa'in a kan Haji? Ita ma ta san da haka, shi ya sa ta tsaya kawai tana jira, kamar yadda take jiransa a da in ya ce ba shi ya shanye madara ba.

Ya ɗauko wuƙar kankare ƙanzo, ya durƙusa, bayansa ya yi ƙara. Ya kankare koren. Ja ya fito daga ƙasa, bai ko dushe ba, don tsoho Juman ba ya sayen fenti mai araha.

Wata mata a bakin shinge ta kama ciki. Liman ya shafa gemu ya tambaya ko an ƙona ta da wuta kafin a wanke. Shameer ya ce an ƙona har ta yi ja. Liman ya ce to ƙarfen dai ya tsarkaka, sauran magana kuma za su yi ta su biyu. Sai ya ƙara da cewa da ma ya daɗe yana mamakin ciwon cikin nan da ba ya tashi sai ranar layya.

Shameer da kansa ya ɗora Gwamna a baro, da taimakon jami'in, wanda ya ɓata farar rigarsa. Ta gaban gida ya bi da ita, ba ta baya ba, ya tsallaka gada, ya sauke ta a ƙarƙashin gidan Anti Ismay inda har yanzu akwai zagayen da gindinta ya bari a siminti.

Shondell ba ta janye kokenta ba. Ta ce tukunya daban, tambaya daban. Takarda ta biyu ta zo tana cewa in zai tambaya, ya tambayi kowa, ya kuma rubuta ƙa'idarsa a allo inda kowa zai gani. Ya rubuta. Iyalai biyu daga masallaci sun koma haya a wani ƙauye, ba su dawo ba. Ramdeen, da aka tambaye shi karon farko, ya yi fushi kamar an zagi uwarsa, sannan ya tsallaka wajen Gwamna.

Ranar bikin, da azahar, ƙamshin madarar kwakwa ya cika unguwa, ana ta kiɗa a tsallaken kwata. Shameer yana zaune a ƙarƙashin gidansa yana gyaran abin da bai lalace ba, sai ga Shondell a bakin gada tana kiransa. Tana riƙe da wata 'yar tukunya shuɗiya mai murfi, ta tsufa har ta yi ɗigo-ɗigon baƙi. Ya gane ta nan take. A cikinta ake aiko wa mahaifinsa abinci duk Kirsimeti.

"Kaka ta ce kifi ne kawai a ciki," in ji ta. "Ta ce tun da ta saye ta ba abin da ya shige ta sai kifi, ko bayan rasuwar baban naka. Ta ce in kana so ka kankare ka duba."

Bai kankare ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya zauna a tsakiyar gadar, ƙafafunsa na lilo a saman ruwa, daidai inda tsohon yake zama. Shinkafar ta yi gishiri fiye da kima, hannun Anti Ismay ya fara rawa. Daga can ƙarƙashin gida ta ɗaga sanda tana tambaya ko ya yi. Ya ce ya yi, Anti. Ta ce in ya gama ya wanke ya kawo da ƙafarsa, kada ya aiko kowa.