Fiton Glenys

"Matsar da ita hagu kaɗan," in ji Desmond. "Ba hagunki ba, Noreen, haguna."

Ina durƙushe bayan kujerarsa da lasifika a hannu, gwiwoyina sai ƙara suke. Shekara ashirin muna katanga ɗaya a Port Kembla, ban taɓa shiga falonsa ba sai da ciwon huhu ya kayar da shi. Lasifika biyar ya sa na jera, kujerar a tsakiya.

"Duk wannan wahala saboda kiɗan da ya kurmantar da kai?"

"Yi aikinki, direbar bas. Surutu ya yi miki yawa."

Na san abin da yake jira. A 1978 wasu 'yan kiɗan rock na garinmu sun naɗi wasansu a mashayar ma'aikatan ƙarfe. Bayan waƙa ta huɗu, wata mace ta sa yatsu a baki ta yi fito, ta ƙyalƙyale da dariya. Glenys ce, matarsa, shekara tara ke nan da rasuwarta. A tsohon faifan garmaho da ƙyar ake jinta. Yanzu an sake fito da shi, wai sauti zai kewaye mutum kamar yana cikin taron.

"A bayana take tsaye ranar," ya ce. "Ta nan za ta fito."

Na kunna sabon faifan. Ganga ta maƙale a lungu, muryar mawaƙin tana yawo kamar mai neman takalminsa, lasifikan baya kuwa ba komai sai amsa-kuwwa. Waƙa ta huɗu ta ƙare. Aka yi tafi sumul, ta biyar ta fara.

"Maido baya."

Na maido, har sau uku.

"Sun share ta," ya ce. "Sun ɗauka hayaniya ce."

"Bari in sa maka tsohon."

"Bar shi. A gabana yake sa ta, can nesa. Je ki, na gaji."

Na fita raina a ɓace, na rasa wanda zan zaga.

Ran Alhamis da hantsi nas ɗin da ke zuwa duba shi ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. A kujerar ta same shi ya rasu, shayinsa ya huce.

Ɗansa ya zo daga Perth, ya ba ni makulli in shayar da tumatir kafin a sayar da gidan. Na shiga falon. Sai a lokacin dabarar ta faɗo mini, kuma har yau tana cina: ai kujerar kawai za mu juya.

Na juya ta, ta ba lasifikan gaba baya. Na ɗora tsohon faifan, na zauna ina kallon bango. Waƙa ta huɗu ta ƙare, Glenys ta yi fito daidai bayan kafaɗata ta hagu.