Ranar da Za a Gasa Zlata

"Mama, idan Baba ya gama gasa ni, wa zai cinye ni?"

Cokali ya suɓuce daga hannun Taisiya. Zlata, 'yarta mai shekara huɗu, tana ƙudundune cikin bargo, jiki zafi rau, tari yana tsinka mata magana.

A ɗakin girki ta iske mijinta yana kwaɓa ƙullu. Da can Arkadi ne, mai gyaran kwamfuta. Tun da ya shiga ƙungiyar masu farfaɗo da addinin kakannin ƙabilarsu ta Slabawa ya koma Yaromir, ya tara gemu, ya kwaso su daga birni zuwa gidan kakarsa a ƙauye, ya kafa gunkin katako a bayan gida, kaji suka samu wurin hawa.

"Baban Zlata, me nake ji haka?"

"Ba gashi ba ne, sake haihuwa ce. A shafe yaro da ƙullu, a ɗora shi kan katakon tura burodi, a zura cikin tanda mai ɗumi, ciwo ya gudu. Kakanninmu ba su san asibiti ba, amma ƙarti ne!"

"In ji wa?"

"Babban bokanmu. A waya na gani."

Kaka Agafiya, da ke feraye dankali a gindin tanda, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ai ni ma an gasa ni, ɗan nan."

Yaromir ya washe baki. "To kin ji! Ga ta nan daram."

"Har da ƙannena duka. Je ka bayan coci ka gaishe su. Ni kaɗai na nuna."

Ya sosa gemu da hannun ƙullu. "Wataƙila wutar ce ba a daidaita ba."

Taisiya ta koma ɗaki. Ta zura takalman sanyi, ta sunkuci 'yarta.

"Ƙullun fa?"

"Yi burodi. Ka kai wa gunkinka, in kaji sun bar masa."

*

Hanyar tashar motar zuwa asibiti ta bayan coci ta bi. Taisiya ta sha wucewa nan, amma sai yau ta lura da jerin ƙananan kaburburan da ƙanƙara ta rufe, kowanne bai fi tsawon bargon da ke hannunta ba. Ta ƙara ƙanƙame Zlata, ta ɗaga ƙafa.

Kai mai karatu, in aka zo maka da kirarin mutanen da, ka yi hattara: waɗanda suka tsira ne kaɗai suka bar labari.