Zanen Kawu a Sito

Shagon sayar da zane na Auta ba ya karɓar launi, kowa ya san haka. Bango fari fat, zane kuma na gawayi da baƙar tawada, shi ke nan. Da wannan ta yi suna, saboda shi masu saye suke haƙurin hawa matakalar shagon mai karya gwiwa. Kwatsam sai ga Kawu da zanensa a ƙunshe cikin tsohon labule.

Kawun nan shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya fara damƙa mata fensir. Da ya yi ritaya sai ya kama fenti, kuma Allah ya sani bai yi wa fenti rowa ba: furanni ja da shuɗi, agwagi a tafki, rana na faɗuwa kamar an fasa ƙwai, ga firam mai ruwan zinari da ke kashe ido.

"Ki ajiye a sayar, ki cire kasonki kamar na kowa," in ji shi. "Ba alfarma na zo nema ba."

Ai da alfarmar ya nema da ya fi sauƙi. Da wane baki za ta ce masa kayansa ba irin na shagon ba ne? Ta gwada rataye ɗaya kusa da ƙofa. Wata mai saye ta shigo, ta yi turus, ta tambaya ko shagon ya canja hannu. Mai zanen da ya fi kowa kawo mata aiki kuma ya ce gawayinsa ba zai kwana ɗaki ɗaya da agwagi ba.

Gaba kura, baya siyaki. Sai ta ɓullo da dabara. Kawu ranar Asabar yake zuwa, da sassafe kafin a buɗe. Ta rataya masa zanensa, ya sha shayi, ya gyara wanda ya karkace, ya tafi yana murna. Yana sauka sai ta sauke su ta mayar sito, fuskarsu na kallon bango. Duk Asabar sai ta ji kunyar kanta, amma ta rasa wata hanya.

Wata Laraba da rana, tana cikin yi wa baƙi bayani, ta ji muryar Kawu a matakala. Ya sha sabon ɗinki, yana janye da amininsa, wani tsohon direba da suke zaman hira tare.

"Shigo ka gani da idonka, ka daina yi min dariya."

Kawu ya dubi bangon dama, ya dubi na hagu. Ƙofar sito a buɗe take kaɗan, gefen firam ɗin zinari na leƙowa a bayan tsintsiya da bokiti. Ya daɗe yana kallon wurin.

"To, ina agwagin naka?" in ji direban.

Kawu ya gyara wuyan riga. "Ka makara. An saye su duka."

Direban ya riƙe baki, ya miƙa masa hannu, har da cewa ashe abin ba wasa ba ne. Da suka juya za su sauka, Kawu ya bari direban ya yi gaba, ya matso kusa da ita ya rage murya.

"Auta, kar ki dawo min da su gida. Abokin nan nawa kullum yana zuwa wurina."