Filon Auta

Likitan ko ɗago kai bai yi daga hoton ƙirjin ba, ya tambayi Auta, "Ka taɓa aikin rufin gida? Ko gyaran birkin mota?"

Saura kaɗan dariya ta ƙwace min. Auta? Ƙanen nawa da ko ƙusa bai iya bugawa ba! Shekara ashirin da biyu yana koyar da lissafi a firamare, bai taɓa ɗaukar abin da ya fi rajistar aji nauyi ba. Amma ga shi a kujerar asibiti yana haki kamar wanda ya hau bene, alhali daga bakin ƙofa kawai ya tako. Sau biyu ke nan ana soka masa allura a haƙarƙari ana zuƙe ruwa, ruwan yana dawowa.

Likita ya ce ciwon daji ne a fatar da ta lulluɓe huhu, kuma yawanci ƙurar asbestos ke kawo shi. Mutum ya shaƙe ta, ta kwanta shiru shekara talatin ko arba'in kafin ta tashi. "A gidanku fa, akwai wanda ya yi aiki da ita?"

Ni da Auta muka kalli juna.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, a masana'antar da ake buga rufin asbestos ya yi aiki. Shi ke farke buhuna yana juyewa a injin kwaɓi. Tari ne ajalinsa, muka ɗora wa sigari laifi. Abin da ke cikin buhunan nan fari ne, mai laushi kamar auduga, har audugar Baba muke ce masa. Auta na da shekara huɗu ciwon kunne ya sa shi gaba, ba ya iya ɗora kai a kan filon tsumman da muke da shi. Baba ya cika jakar abincinsa da audugar ya kawo gida. Inna ta yanka tsohon zanenta, ta ɗinka masa filo, ta cusa, audugar ba ta kai ta filo biyu ba. Duk sati sai ta shanya shi a igiya ta bubbuge shi da tafin hannu don ya tashi. Shekara bakwai hancin Auta yana cikin filon nan.

Muna fita baranda ya riƙo hannuna. "Yaya, don Allah kada Inna ta ji."

Na ce, "Ni mahaukaciya ce aka ce maka?"

Inna ta haura saba'in da biyar, a gidana take, ɗakinta na manne da shagon ɗinkina. Kullum tambayarta ɗaya: me ya taɓa mata ɗa? Muka ce ƙurar alli ce. Wayyo alli! Ya sha tsinuwa a bakin Inna, shi da allon da shugaban makarantar da wanda ya ƙirƙiro lissafi. Ni ma in taya ta, har in fi ta zaƙewa, in koma kan keke ina taka shi da ƙarfi don kada ta ji ina kuka. Na yarda in yi mata ƙarya har ta koma ga Allah, da dai ta san da hannunta ta ɗinka abin.

Sai asibiti suka ce duk wanda ya zauna a gidan Baba ya zo a ɗauki hoton ƙirjinsa. Na ce wa Inna awon jini za a yi mata. Na ja ma'aikaciyar da na tarar gefe na roƙe ta ta yi shiru, ta ce ba komai. Ashe za ta tashi aiki. Wadda ta karɓe ta, yarinya mai baki kamar rediyo, ta zauna da takarda gaban Inna.

"Mama, maigidanki yakan kawo kayan wurin aiki gida? Tufafi, buhu, ko ita farar abar?"

Na yi tari, na zare mata ido, na taka mata ƙafa. Ina! Yarinya sai zuba take, har da bayanin cewa ko kaɗan ce takan isa. Inna ta amsa mata tambayoyinta tsaf, ta gyara mayafi, aka ɗauki hoton muka fito.

Muka isa gida. Na buɗe shago na zauna kan keke, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malamai nawa ne a makarantar su Auta?"

"Za su kai ashirin, Inna."

"Dukansu da alli suke rubutu?"

Na kasa zura zare a allura. Ta kalle ni ta ce, "Tashi ki kai ni wurinsa."

Mun tarar da shi a falo, a zaune, don tun watan jiya ba ya iya kwanciya. Robar iska na hancinsa, matarsa ta jera masa filo uku a bayansa. Da ya ga Inna ya washe baki, ya yunƙura zai gaishe ta, na saman ya zame ya faɗo gefen kujera, kansa ya koma kan katako.

"Inna, taimaka ki gyara min," ya ce da ƙyar, yana murmushi.

Ta sunkuya ta miƙa hannu. Yatsunta sun kusa taɓa filon ta tsaya. Ta janye hannun ta ɓoye a cikin mayafi. Murmushin Auta ya ɗauke, ya juyo yana kallona, na girgiza masa kai, wallahi ba ni ba ce.

Inna ta ce da ni, "Ke gyara masa. Ni na riga na yi nawa."