Ƙashin Wuya a Katangar Eusebio

A ƙauyukan tsaunin Teruel, duk dutsen da garma ta tono, da shi ake gina katangar garke. Haka Eusebio ya gina tasa shekara talatin da suka wuce, ba laka ba siminti. Ran nan sai ga wata malamar jami'a mai suna Nuria ta yi turus a gaban katangar.

"Kawu, ka san da me tumakinka ke susar jikinsu? Ƙashin wuyan dinoso ne, dabbar zamanin da. Wuyan kaɗai ya fi gidanka tsawo. Guda huɗu na ƙirga a nan. Daga ina ka kwaso su? Sauran jikin yana can."

Eusebio ya sani sarai. Daga gonar maƙwabcinsa Casimiro ya kwashe su lokacin da nasa duwatsun suka ƙare, kuma bai nemi izini ba. Ga shi kullum yana cika baki a dandali cewa ko tsinken wani bai taɓa ɗauka ba. Mai irin wannan baki, ƙarya ta fi masa sauƙi.

Ya ce, "Na manta."

Kwana uku yana kallon Nuria da mutanenta suna tonon gonarsa a banza, rana na gasa su. Ran Juma'a za su tattara su tafi. Da safiyar ranar, matarsa Remedios ta dangwarar masa da kwanon wake.

"Ci, waliyyi. Yarinyar mutane ta ƙone a rana saboda girman kanka."

Bai ci ba. Ya ɗauki hularsa, ya sami Casimiro yana datse rassan zaitun.

"Casimiro, duwatsun katangata naka ne. Sata na yi."

Casimiro ya dube shi, ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Kai jaki! Ina zaune a gindin bishiyar can ina kallonka kana ta nishi. Mutum yana share min gona kyauta, in hana shi? Har addu'a na yi ka dawo."

"To don me ba ka taɓa faɗa ba?"

"In rasa abin dariya duk ranar da ka hau wa'azi?"

Da hantsi tsofaffin biyu suka kai Nuria bakin wani kwazazzabo a ƙarshen gonar Casimiro. Ta durƙusa tana share ƙasa a hankali, sai ga kan wani ƙashi, faɗinsa kamar teburi. Ta ɗaga murya ta ce wa mutanenta su sauke kaya, yau ba inda za su.